Yawon Buɗe Ido a Gonakin Koko da Bunƙasar Tattalin Arzikin Karkara: Nazari a Kan Kudancin Ghana

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yunƙurin da ake yi a ƙasar Ghana na mayar da gonakin koko wuraren yawon buɗe ido, domin gano ko hakan zai iya bunƙasa tattalin arzikin yankunan da ake noman. An bi hanyar bitar tarihi da kwatance, inda aka auna halin da ake ciki a Ghana da abin da ya faru a kudancin jihar Bahia ta ƙasar Birazil bayan cuta ta durƙusar da nomanta a shekarar 1989. Maƙalar ta gano cewa Ghana tana da tarihi da wuraren da za su ja baƙi, amma tsarin ƙananan gonaki da rashin masauki a ƙauyuka suna sa akasarin kuɗin baƙo ya tsaya a birni. Ta kuma gano cewa masu kula da gona bisa tsarin abusa, waɗanda da yawansu 'yan ci-rani ne daga arewa, ba su da gurbi a labarin da ake ba baƙi, balle a rabon kuɗin da ake samu. Daga ƙarshe an ba da shawarar a ɗora harkar a kan ƙungiyoyin manoma, tare da sarrafa koko a inda aka noma shi.

Fitilun Kalmomi: koko, yawon buɗe ido, karkara, abusa, zango, Ghana

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2024 farashin tan ɗaya na koko ya haura dalar Amurka 10,000 a kasuwar birnin New York, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin cinikinsa. Sai dai manomin Ghana bai ga wannan garaɓasa yadda ya kamata ba, domin hukumar koko ta ƙasar, wato COCOBOD, ita ke yanka farashin da za a biya shi a farkon kaka, kuma takan sayar da kaso mai yawa na amfanin tun kafin a girbe. Bugu da ƙari, tashin farashin ya samo asali ne daga ƙarancin amfanin gona. Ƙasar da ta girbe fiye da tan miliyan ɗaya a kakar 2020/2021, sai ga shi a kakar 2023/2024 abin ya ragu da kusan rabi, sakamakon cututtuka da sauyin yanayi da tsufan itatuwa da haƙar zinariya a gonaki.

Wannan hali ya sake farfaɗo da wata tsohuwar tambaya: ta yaya ƙauyen da ya dogara kacokan a kan amfanin gona guda ɗaya zai sami wata kafar kuɗi ba tare da ya watsar da gonarsa ba? Ɗaya daga cikin amsoshin da hukumomi da 'yan kasuwa ke bayarwa ita ce yawon buɗe ido. Hujjarsu ita ce, miliyoyin mutanen da ke shan cakulan a Turai da Amurka, har ma da yaran Accra da Kumasi, ba su taɓa ganin itacen koko ba, kuma za su biya kuɗi su gani, tun da gani ya kori ji. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan hujja, ta hanyar duba abin da ake da shi a ƙasa, da wanda ke amfana, da kuma sharuɗɗan da za su sa amfanin ya isa ga manomi.

1.1 Hanyar Nazari da Farfajiyarsa

An taƙaita nazarin a kan kudancin Ghana, musamman Yankin Gabas inda noman koko ya fara kafuwa. An zaɓi kudancin Bahia a matsayin ma'auni saboda ya riga Ghana shiga irin wannan ƙunci, ya kuma riga ta gwada yawon buɗe ido a matsayin mafita. Ma'aunin da aka yi amfani da shi guda uku ne: yawan kuɗin baƙo da ke tsayawa a yanki, da yadda ake raba shi, da kuma tasirinsa a kan ɗorewar noman kansa.

2.0 Fashin Baƙin Muhimman Kalmomi

2.1 Koko

A rubutun Hausa kalmar koko tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai kokon da ake damawa da gasarar gero a sha da ƙosai, wanda ya yi suna a biranen Ghana har ake danganta shi da Hausawa. Akwai kuma kokon da wannan maƙala ta shafa, wato itacen da asalinsa daga dazukan Amazon na Kudancin Amurka yake. Itace ne mai son ruwa da inuwa, yakan fara 'ya'ya bayan shekara uku zuwa biyar, kuma ƙwansonsa a jikin gindi da manyan rassa yake fitowa. Kowane ƙwanso yana ɗauke da ƙwaya talatin zuwa arba'in, lulluɓe da farin tsoka mai zaƙi. Da wannan ƙwaya ake yin cakulan da garin shayi da man shafawa.

2.2 Yawon Buɗe Ido na Karkara

Abin da ake nufi a nan shi ne ziyarar da baƙo ke kaiwa ƙauye ko gona domin ya ga yadda ake rayuwa da aiki, ya ɗanɗana abinci, ya ji tarihi, wani lokaci ma ya sa hannu a aikin, ya kuma biya kuɗi a kan haka. Bambancinsa da ziyarar gandun daji ko bakin teku shi ne, abin kallon sana'ar mutane ce da suke ci gaba da yi. Idan noman ya mutu, abin kallon ya mutu tare da shi.

2.3 Bunƙasar Tattalin Arzikin Yanki

Yawan baƙi kaɗai ba ya nuna bunƙasa. Masana tattalin arziki suna duba abu biyu. Na farko shi ne juyawar kuɗi, wato sau nawa kuɗin baƙo ke sauya hannu a cikin yanki kafin ya fita, kamar a ce mai masauki ya sayi doya wurin manomi, manomi ya biya tela, tela ya biya kuɗin makaranta. Na biyu shi ne yoyo, wato kason da ke silalewa zuwa kamfanonin birni ko na ƙetare. Yanki yana bunƙasa ne idan juyawar ta rinjayi yoyon.

3.0 Tarihin Koko a Ghana a Taƙaice

Duk da cewa 'yan mishan na Basel sun gwada shuka koko a tsaunukan Akuapem tun tsakiyar ƙarni na 19, wanda tarihi ya riƙe shi ne Tetteh Quarshie, wani maƙeri ɗan ƙabilar Ga da ya yi aiki a tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko. Ya dawo da irin koko, ya shuka a garin Mampong na Akuapem a shekarar 1879. Maƙwabta suka riƙa sayen ƙwanso wurinsa, sannan lambun gwamnati na Aburi da aka buɗe a 1890 ya taimaka wajen yaɗa dashe. Zuwa shekarar 1911 ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko, matsayin da ta riƙe har ƙarshen shekarun 1970 lokacin da Kwaddibuwa ta sha gabanta.

Abin lura shi ne, ƙananan manoma 'yan ƙasa ne suka yi wannan aiki, ba kamfanonin Turawa ba. Polly Hill, wadda manazarta Hausa suka sani da bincikenta a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta nuna a littafinta na 1963 a kan manoman koko masu ƙaura yadda mutanen Akuapem da Krobo suka riƙa haɗa kuɗi suna sayen daji a ƙasar Akyem, suna zuba ribar gona ɗaya a cikin sayen wata. Waɗannan manoma ne suka ƙi sayar wa kamfanonin Turai kokonsu a kakar 1937/1938 saboda haɗa baki da kamfanonin suka yi a kan farashi. A shekarar 1936 aka gano cutar kumburin reshe, abin da ya sa aka kafa tashar bincike a Tafo a 1938. A 1947 kuma aka kafa hukumar sayen koko wadda ta zama COCOBOD ta yau.

Noman ya ga hawa da sauka. A kakar 1964/1965 an girbe fiye da tan 550,000, amma bayan fari da gobarar daji ta 1983 abin ya faɗi ƙasa da tan 200,000. A yau ana ƙiyasta cewa iyalai kimanin 800,000 ne ke noman, akasarinsu a gonakin da ba su wuce hekta biyu zuwa uku ba. Hoton ƙwanson koko da ke jikin kwabon fesuwa 20 ya isa shaida a kan matsayinsa a zuciyar ƙasar.

3.1 'Yan Ci-rani da Mazauna Zango

Hausawa sun san dazukan Asante tun kafin zuwan koko, ta hanyar fataucin goro zuwa Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salga na 1892, fatake da malamai suka bazu zuwa Kumasi da Kete-Krachi da Accra da sauran garuruwa, zangunan kudu suka cika suka batse. Da koko ya bunƙasa, buƙatar ma'aikata ta jawo dubban mutane daga arewacin ƙasar da ƙasar Mossi da Nijar da Nijeriya. Zango ne masaukinsu na farko, Hausa kuma ta zama harshen da ya haɗa da yawa daga cikinsu, ko da ba Hausawa ba ne.

Tsari biyu suka shahara wajen ɗaukar waɗannan ma'aikata. A tsarin abusa, mai kula da gona yana yin shara da feshi da girbi da shanya, ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na amfanin. A tsarin abunu kuwa, manomi ne ke sare daji ya dasa ya rena, sannan a raba biyu tsakaninsa da mai ƙasa. Muhimmancin baƙin ma'aikata ya fito fili a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban ɗaruruwa suka fice, gonaki da dama suka rasa masu kula da su. Wannan ɓangare na tarihi yana da muhimmanci ga abin da za a tattauna a gaba.

4.0 Abubuwan da Ke Jan Baƙi

Wuri na farko shi ne gonar Tetteh Quarshie da ke Mampong, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai a mota daga Accra. Gona ce ƙarama, amma masu kula da ita suna nuna wasu itatuwa da ake cewa tun dashen 1879 suke. Kusa da ita akwai lambun Aburi, don haka akan haɗa su a ziyarar yini ɗaya. Can gaba akwai Cibiyar Binciken Koko ta Tafo, inda ake samar da ingantaccen iri, ake kuma gwada sarrafa abubuwan da a da ake zubarwa. Akwai kuma lambun itatuwa na Bunso a kan hanyar Accra zuwa Kumasi. A birnin Tema akwai masana'antar gwamnati da aka kafa a 1965, mai yin cakulan ɗin Golden Tree.

Sai dai babban abin kallo shi ne aikin kansa. Baƙo yana ganin yadda ake tsinko nunannen ƙwanso da wuƙa mai dogon ƙota ba tare da an ji wa itacen rauni ba, a fasa shi, a ƙwaƙule ƙwayar. Daga nan a tara ta tsibi a kan ganyen ayaba, a lulluɓe, a bar ta kimanin kwana shida ana juyawa har ta tsumu. Duk wanda ya san yadda ake rufe kalwa kafin ta zama daddawa zai gane hikimar wannan mataki, domin a nan ne ɗaci ke raguwa, ƙamshin cakulan ya samo tushe. Sannan a shanya a kan tabarmin gora da aka ɗaga bisa rumfa na tsawon mako ɗaya zuwa biyu, ana tsince marasa kyau da hannu. Wannan shanyar rana da tsintar hannu suna cikin dalilan da suka sa kokon Ghana ke samun ƙarin farashi a kasuwar duniya. Ɓawon ma ba a yar da shi: akan ƙona shi, a tace tokar, mata su dafa sabulun salo da ita.

Lokaci ma ya dace. Babbar kakar koko tana farawa ne a watan Oktoba, girbi ya yi ƙarfi har zuwa Disamba da Janairu, daidai lokacin da baƙi suka fi shigowa ƙasar, musamman tun bayan shirin Shekarar Komawa Gida na 2019, shekarar da baƙin da suka shiga Ghana suka haura miliyan ɗaya. Haka nan gwamnati ta ware ranar 14 ga Fabrairu a matsayin Ranar Cakulan ta Ƙasa, inda akan kai ɗalibai ziyara gonaki.

5.0 Darasi Daga Kudancin Bahia

An fara shuka koko a kudancin Bahia tun shekarar 1746. Yankin biranen Ilhéus da Itabuna ya yi arziki da shi, har manyan masu gonaki suka zama tamkar sarakuna. A shekarar 1989 aka ga ɓullar wata cutar funfuna da ake kira tsintsiyar mayya a garin Uruçuca. Cikin shekara goma amfanin jihar ya faɗo daga kusan tan 400,000 zuwa abin da bai wuce tan 100,000 da 'yan kai ba. Ma'aikatan gona kimanin 200,000 suka rasa aiki, suka kwarara unguwannin talakawa na birane.

Abubuwa huɗu suka taimaka wa yankin wajen juya akalarsa zuwa yawon buɗe ido. Na farko, tsarin noma da ake kira cabruca, inda ake dasa koko a ƙarƙashin manyan itatuwan daji na asali, ya sa gonar kanta ta zama kurmi mai tsuntsaye da birai. Na biyu, manyan gonakin suna da tsofaffin gidaje da aka mayar masaukin baƙi. Na uku, adabi ya riga ya yi wa yankin talla. Jorge Amado, wanda aka haifa a ƙasar Itabuna a 1912, ya gina ƙagaggun labaransa da dama a kan rayuwar koko, ciki har da Gabriela, Cravo e Canela na 1958, kuma filin jirgin saman Ilhéus sunansa yake ɗauke da shi. Na huɗu, kwaltar da aka shimfiɗa daga Ilhéus zuwa Itacaré a 1998 ta buɗe bakin teku ga baƙi, gonakin suka ci albarkacin teku.

A kan wannan tushe aka soma bikin cakulan da koko na shekara-shekara a Ilhéus a 2009, aka sanya wa hanyar da ta tashi daga Ilhéus zuwa Uruçuca suna Hanyar Cakulan, sannan a 2018 kokon kudancin Bahia ya sami rajistar shaidar asali. Masu gonaki da yawa suka daina sayar da ɗanyar ƙwaya kawai, suka koma yin nasu cakulan suna sayar wa baƙi a ƙofar gona.

Amma darasin yana da fuska biyu. Waɗanda suka fi cin moriya su ne iyalan da suka gaji manyan gonaki a bakin hanya, masu jari da ilimin harsuna. Gidan baƙi ba ya ɗaukar ma'aikata kamar yadda gona mai cikakken amfani ke ɗauka, saboda haka yawon buɗe ido bai maye gurbin ayyukan da aka rasa ba. Inda talakawa suka amfana shi ne inda suka haɗa kai, kamar matsugunin Terra Vista da ke Arataca, wanda manoma marasa ƙasa suka kafa a farkon shekarun 1990, suke noma koko ba tare da maganin feshi ba, suna kuma yin cakulan da sunansu.

6.0 Ina Kuɗin Baƙo Yake Zuwa?

Idan aka bi sawun kuɗin baƙon da ya je gonar Mampong, za a ga ya kwana a otal a Accra, ya biya kamfanin yawon buɗe ido na Accra, ya shiga motar Accra da jagoran Accra, ya ci abincin rana a wani gidan abinci na kan tsauni, ya koma kafin magariba. Abin da ya bari a garin bai wuce kuɗin shiga da ɗan abin da ya ba mai yi masa bayani ba. Irin wannan ake gani a gandun dajin Kakum da ke kusa da Cape Coast. Tun da aka buɗe gadar igiya ta saman itatuwa a 1995 yake cika da baƙi, amma ƙauyukan manoman koko da ke kewaye da shi sun fi sanin ɓarnar giwaye a gonakinsu fiye da kuɗin baƙi.

Kafofin da kuɗi zai iya tsayawa a ƙauye guda huɗu ne: kwana, da abinci, da jagoranci, da sayen kaya. Kwana shi ne uwa, domin baƙon da ya kwana dole ya ci abincin dare da na safe, ya kuma sami lokacin shiga kasuwa. Sayen kaya shi ne mafi riba. An daɗe ana nuna cewa kason manomi a cikin farashin cakulan da ake sayarwa a kantunan Turai bai kai ɗaya cikin goma ba. Duk cakulan ko man koko ko sabulun da aka yi a ƙauye aka sayar hannu da hannu, ribar da a da take tafiya ƙetare ce ta tsaya a gida.

A nan ne bambancin Ghana da Bahia ya bayyana. Manomi mai hekta biyu ba shi da ɗakin saukar baƙi, ba shi da jarin sayen injin niƙa, kuma doka ta ɗora cinikin ƙwayar koko a hannun masu lasisin saye a ƙarƙashin COCOBOD. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ƙasar tana da abin da za ta gina a kai. Ƙungiyar manoma ta Kuapa Kokoo da aka kafa a 1993 ta kai ga mallakar hannun jari a kamfanin cakulan na Divine da aka buɗe a Birtaniya a 1998. Haka nan a Tafi Atome da Wechiau al'umma ce da kanta ke gudanar da wuraren kallon birai da dorinar ruwa, ana zuba wani kaso na kuɗin shiga a ayyukan gari. Haɗa waɗannan gogewa biyu shi ne abin da karkarar koko ke buƙata.

7.0 Ƙalubale

Ƙalubale na farko shi ne rabo. Tsarin abusa ya fayyace yadda ake raba buhunan koko, amma bai san da kuɗin baƙo ba. Mai gona, wanda sau da yawa a birni yake zaune, zai iya cewa kuɗin shiga hakkin ƙasarsa ne, alhali mai kula da gonar ne ya share ta, shi ne kuma baƙo ke ɗaukar hotonsa yana fasa ƙwanso. Idan ba a yi hattara ba, za a koma gidan jiya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka abin yake ga matan da ke ɗaukar ƙwaya da shanya, waɗanda ba kasafai sunansu ke kan takardar gona ba.

Na biyu shi ne labarin da ake bayarwa. Bayanin da baƙo ke ji yakan fara da Tetteh Quarshie ya ƙare da cakulan, ba tare da ambaton 'yan ci-rani da korar 1969 ba. Akwai kuma batun aikin yara, wanda wani rahoton cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago na 2020 ya ƙiyasta ya shafi yara miliyan 1.56 a yankunan koko na Ghana da Kwaddibuwa. Yawon buɗe idon da ya zama kwalliyar rufe wannan matsala zai zubar da mutuncin harkar ranar da asiri ya tonu.

Na uku shi ne haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda ake kira galamsey. Masu haƙa suna ba manomi kuɗin da gonarsa ba za ta kawo cikin shekaru ba, su tumɓuke itatuwa, su bar ramuka. Kogunan Pra da Ankobra da Offin da Birim sun koma ruwan laka. Babu baƙon da zai biya kuɗi ya kwana a bakin irin wannan kogi, kuma kuɗin yawon buɗe ido ba zai iya gogayya da na zinariya ba sai hukuma ta tsaya.

Na huɗu shi ne raunin harkar kanta. Annobar korona ta 2020 ta nuna cewa baƙin ƙetare na iya ɗaukewa dare ɗaya. Ga kuma lalacewar hanyoyin ƙauye da damina, da haɗarin yaɗa cututtukan shuka ta takalma da kayan baƙi.

8.0 Sakamakon Nazari da Shawarwari

Nazarin ya gano abubuwa uku. Na ɗaya, yawon buɗe ido ƙari ne a kan noman koko, ba zai zama madadinsa ba, kuma ƙauyukan da ke kusa da manyan hanyoyi ne kaɗai za su fara cin moriyarsa. Na biyu, a tsarin da ake bi yanzu na ziyarar yini ɗaya, yoyo ya rinjayi juyawar kuɗi. Na uku, babu wata ƙa'ida da ta tanadi kason ma'aikacin gona. Bisa haka ake ba da shawarwari kamar haka:

i. A tsara hanyar ziyara ta kwana biyu ko uku da za ta haɗa Aburi da Mampong da Tafo da Bunso, tare da masaukai mallakar ƙungiyoyin manoma.

ii. A sauƙaƙa wa ƙungiyoyin manoma izinin riƙe wani kaso na ƙwayarsu domin sarrafawa da sayarwa a gida.

iii. A rubuta kason mai kula da gona a cikin kowace yarjejeniyar karɓar baƙi, gwargwadon kasonsa na amfanin gona.

iv. A horar da 'ya'yan manoma aikin jagora, domin da ɗan gari akan ci gari, a kuma ba ɗalibai da baƙin cikin gida da na maƙwabtan ƙasashe muhimmanci, har da bayani cikin Twi da Hausa da Faransanci.

v. Manazarta Hausa su tattara tarihin baka na tsofaffin ma'aikatan koko da ke zangunan Ghana da waɗanda suka koma gida bayan 1969, tun kafin ƙasa ta rufe idanunsu.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin koko a Ghana, ta duba wuraren da ke jan baƙi, ta kuma auna su da gogewar kudancin Bahia. An ga cewa abin kallo yana nan, baƙi ma suna nan, abin da ya rage shi ne tsarin da zai tsayar da kuɗinsu a ƙauye ya kuma raba shi bisa adalci. Yankunan koko na Nijeriya, irin su Ondo da ke da duwatsun Idanre da Ikom ta jihar Kuros Riba, suna fuskantar tambaya iri ɗaya. Mizanin nasara a ko'ina shi ne ko ɗan manomi zai ga dalilin riƙe gonar mahaifinsa maimakon sayar da ita ga mai haƙar zinariya, da kuma ko mai kula da gona zai ga kasonsa a hannu ranar da motar baƙi ta juya.